Ina so in gina sauna a bakin tafki, ta ina zan fara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na jima ina zaune a Finlan. Maiɗakina ta gaji wani ɗan gidan hutu na katako a bakin tafkin Kallavesi, kusa da birnin Kuopio, amma ɗakin saunarsa, wato ɗakin wankan zafi da tururi, ya ruɓe. Ina so in gina sabo dab da ruwa, da bangon gilashi yadda za mu riƙa kallon tafkin daga ciki. Me zan sa a gaba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sa a yi a sa'a. Kafin ka sayi ko ƙusa ɗaya, ka fara zuwa ofishin kula da gine-gine na ƙaramar hukumarku. Sabuwar dokar gini da ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 2025 ta yafe neman izini ga saunar da ba ta kai murabba'in mita 30 ba, kuma mutane da yawa sun ɗauka an sakar musu mara ke nan. Ba haka ba ne. Tsarin gine-gine na gaɓar tafki yana nan daram, ƙaramar hukuma ce ke yanke tazarar da za ka bari tsakaninka da ruwa, galibi mita 10 zuwa 15. Ka kuma tambayi maƙwabta inda ruwa ke kaiwa idan ƙanƙara ta narke wajen watan Mayu. In ka samu falalen dutse, ka dasa ginshiƙanka a kai. Ƙasa mai laka kumbura take in ta daskare, ta ɗaga gini har ƙofa ta ƙi rufuwa.

Batun gilashi kuwa, ina roƙonka ka sake tunani. Ana lissafin ƙarfin murhu da girman ɗaki: kusan kilowat ɗaya ga kowace mita kubik. Ɗaki mai mita 2 a tsawo, 2 a faɗi, 2.2 zuwa sama, kusan kubik tara ne. Kowane murabba'in mita na gilashi ana ƙirga shi kamar ƙarin kubik 1.2, saboda zafi na zurarewa ta nan. Bango guda na gilashi sai ya mai da taranka goma sha huɗu, ka sayi babban murhu, ka yi ta cin itace, bayanka na ƙuna gabanka na sanyi. Doguwar taga siririya daidai idon wanda ke zaune a bencin sama ta isa ta kawo maka tafkin gaba ɗaya.

Inda nake so ka zuba hankalinka da kuɗinka shi ne tsayin benci. Zafi sama yake hawa. Mutanen Finlan suna da tsohuwar ƙa'ida: tafin ƙafar mai zama ya kasance sama da duwatsun murhu, bencin sama kuma ya bar santimita 110 zuwa 120 tsakaninsa da silin. Na taɓa shiga wata sauna da aka kashe wa kuɗi sosai, ma'aunin zafi na nuna digiri 90, gumi na zuba daga goshina, amma yatsun ƙafata kamar na tsoma su a randa da asuba. An ƙasƙantar da benci ne don ɗakin ya yi kyan gani. Wannan tururin da suke kira löyly, wanda ke tashi in ka watsa ludayin ruwa a kan duwatsu, so ake ya bi silin ya sauko maka a kafaɗa a hankali, ya lulluɓe ka har ƙafa. Shi ne dalilin ginin duka.

Sai iska. Ka bar kafar shigarta a ƙasa kusa da murhu, kafar fita a bangon da ke nesa. Nauyin kan da wasu ke ji bayan sauna, sau da yawa rashin iska ne, ba zafi ba.

Katakon benci ka nemi na itatuwan da 'yan Finlan ke kira haapa ko leppä, don ba sa ɗaukar zafi kuma ba sa tsatso da ƙaro. Katako mai ƙaro in ya ji wuta ɗigowa yake ya manne wa fata. Ka ɗaure kusoshi ta ƙasa kada kan ƙarfe ya taɓa jiki. Duwatsu ma ka sayi na sauna, kada ka tsinto na gaɓa, don wasunsu fashewa suke.

Ruwan wanka da sabulu ba a sake shi cikin tafki, ko da da bokiti kake ɗebowa. Ka haƙa masa ramin tsakuwa nesa da gaɓa ƙasa ta tace shi.

Kada ka matse ɗakin sauya kaya. Mu da muke kula da sutura, shi ke ba iyali damar shiga bi da bi, maza daban mata daban, kowa da tawul ɗinsa, yadda su kansu 'yan ƙasar kan yi in sun yi baƙi. Sabon murhun kuma ka fara hura shi a waje har warin fenti ya ƙare kafin ka shigar da shi, sannan ka riƙa kiran mai sharar bututun hayaƙi duk shekara uku kamar yadda doka ta ɗora wa gidajen hutu.