Amsar Yaya Kan Cin Abinci A Unguwannin Atina

Salamu alaikum 'yan gida. Ƙanwata, tun jiya na ji saƙonki, aiki ne ya sha kaina. Kin ce abokan karatunki za su kai ki gidan cin abinci na unguwa a can Atina, babban birnin Girka, kina tsoron kada ki ci abin da bai halatta ba. To saurara.

Irin wurin nan taberna suke ce masa. Ba wani ƙaƙale, takarda ake shimfiɗawa a kan tebur, a kawo burodi da ruwa. Burodin nan fa ba kyauta ba ne, za ki gan shi a lissafi, amma kuɗin kaɗan ne.

Inda za ki buɗe ido shi ne wajen nama. Giros ɗin nan da ke juyawa kamar shawarma, a Girka yawanci alade ne, haka ma subulaki, tsirensu ke nan. Ki riƙe kalma uku: hirino alade, kotofulo kaza, arni rago. Ko kazar ma sau da yawa wuta ɗaya suke sha da aladen, ga kuma maganar yanka. Ni dai da na zauna can, haƙura na yi da gasasshen nama gaba ɗaya, kuma wallahi ban yi asara ba.

Ki ce su nuna miki abin da aka dafa yau, wasu ma har kicin za su kai ki ki leƙa tukwane. Akwai bamiyes, kuɓewa ce da tumatir da man zaitun, sai dai babu yauƙi ko kaɗan. Ranar da na fara ci dariya na yi, na ce wannan ai an raba kuɓewa da halinta. Akwai fasolada, romon wake, da yemista, tumatir da tattasai da aka cusa wa shinkafa, amma ki tambaya, wasu suna sa niƙaƙƙen nama. Kalmar da za ta cece ki ita ce nistisimo, wato abincin azuminsu, ba nama a ciki. Sai zaziki, kindirmo ne da kokwamba da tafarnuwa, ki dangwala da burodi. Kifi kuwa mai kyau da kilo ake sayarwa, ki ji farashi kafin a gasa.

Af, na kusa mantawa! In an gama, mai wurin kan kawo kyauta. In kankana ce ko kindirmo da zuma, bismillah. In kuwa ɗan ƙaramin kofi ne mai kama da ruwa, giya ce, raki ko cifuro. Ki yi murmushi ki ce kin gode, ba wanda zai ji haushi.

Kuma kada ki je da yunwa ƙarfe 7, mutanen nan sai wajen ƙarfe 9 na dare suke cika wuri. Ba sa kawo lissafi sai kin nema, kina iya kwana a zaune. Ki turo mana hoton kuɓewar Umma ta gani.