Tambaya da Amsa: Fetur Mai Lamba 91 ko 95, Wanne Ya Dace da Babur?

Tambaya: Assalamu alaikum, Injiniya. Ni ɗan kabu-kabu ne a Jega, kuma babur ɗina mai inji 150 bai daɗe da cika shekara ba. A littafin da ya zo da shi an rubuta a riƙa zuba masa fetur mai lambar okten 91 ko sama da haka. Yayana da ya dawo daga Umara ya ce a Saudiyya gidajen mai suna da 91 da 95, kuma wai na 95 ya fi ƙarfi, ya fi daɗewa a tanki. Mu nan ba mai tambayarka lamba, zubawa kawai ake yi. To, kwanan nan idan na ɗauko buhunan albasa daga Aliero da tsakar rana na ja totur, sai in ji inji yana wata ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Wani mai sayar da kayan babur ya ce fetur ɗinmu ne ba shi da ƙarfi, in sayi wani ruwan kwalba da ke ƙara okten. Shin in saya? Kuma wane mai ne ya dace da babur ɗina? Daga wani mai karatu a Jega, Jihar Kebbi.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa, Allah ya sanya albarka a sana'a. Kada ka sayi ruwan kwalbar nan tukuna. Lambar 91 da aka rubuta maka ita ce abin da injinka yake buƙata, kuma da za ka samu na 95 ka zuba, ba zai ƙara masa gudu ko ya rage masa shan mai ba. Abin da ya fi damuna a wasiƙarka shi ne ƙarar da ka ambata, domin idan ita ce wadda nake zato, tana iya kai ka ga sauke inji.

Mu fara da abin da ke faruwa a cikin silinda. Fistin yana hawa sama ya matse haɗin iska da fetur, sannan fulogi ya ba da wuta, wutar kuma ta bazu daga bakin fulogi zuwa gefen silinda cikin tsari, tana tura fistin ƙasa. Yayin da take bazuwa, ragowar haɗin da ba ta kai gare shi ba yana ƙara matsuwa yana ƙara zafi. Idan fetur ɗin ba mai jure wannan hali ba ne, sai ragowar ta kama da kanta ta fashe lokaci guda kafin wutar fulogi ta iso, kuma bugun wannan fashewa a kan fistin da bangon silinda shi ne ƙwanƙwasar da kunne yake ji. Lambar okten ma'auni ce ta yadda fetur yake jure matsi da zafi ba tare da ya fashe da kansa ba. An kafa ma'aunin tun cikin shekarun 1920 da sinadarai biyu: iso-okten, mai juriya ƙwarai, aka ba shi 100, da heftan, mai saurin fashewa, aka ba shi sifili. Fetur mai lamba 91 shi ne wanda idan aka sa shi a injin gwaji, juriyarsa take daidai da haɗin kashi 91 na iso-okten da kashi 9 na heftan.

Ka ga ke nan babu inda aka auna ƙarfi a wannan lissafi. Makamashin da ke cikin lita guda ta 91 da lita guda ta 95 kusan ɗaya ne. Hujja mafi sauƙi ita ce sinadarin itanol da ake samu daga rake ko masara: lambar oktensa ta haura 100, amma makamashin da ke cikin litarsa bai wuce kusan kashi biyu cikin uku na fetur ba.

To, wa ke buƙatar 95? Inji mai matsi da yawa. Baburan da muke aiki da su a Kebbi, irin su Boxer da TVS da Haojue da Jincheng, suna matse haɗin ne zuwa kusan kashi ɗaya cikin 9 ko cikin 10 na girmansa, kuma an ƙera su ne da sanin cewa za a kai su ƙasashen da fetur ɗinsu ba mai babbar lamba ba ne. Manyan baburan tsere kuwa suna kai matsinsu 12 ko 13, shi ya sa masu ƙera su suke shar'anta 95 ko fiye. Yayanka bai yi ƙarya ba game da abin da ya gani, kuma wataƙila wanda ya gaya masa haka yana da gaskiya a kan motarsa, domin motocin zamani da yawa suna da na'urar da ke jin ƙwanƙwasa, sai kwamfutar motar ta jinkirta lokacin ba da wuta don kare inji, abin da ke rage ƙarfi kaɗan. Idan aka zuba wa irin wannan mota man da aka ƙera ta dominsa, sai ƙarfin ya dawo. Babur mai kafireta ba shi da wannan na'ura. Ba ya gane abin da ka zuba masa, ballantana ya sauya aikinsa saboda shi.

Ga masu sayen manyan babura 'yan Kwatano, akwai abin lura: lambar da ake rubutawa a Amurka daban take da wadda ake amfani da ita a Saudiyya da Turai da nan, wato ma'aunin da ake kira RON. Abin da Amurkawa suke kira 87 ya yi daidai da kusan 91 ko 92 a ma'aunin RON, don haka a duba wane ma'auni littafin yake nufi.

A Nijeriya fetur iri ɗaya ake sayarwa a famfo, ko daga waje aka shigo da shi ko daga matatar Dangote da ta fara fitar da fetur a watan Satumba na 2024. Hukumar SON ce ke gindaya mizaninsa, hukumar NMDPRA kuma ke sa ido a kan masu shigo da shi da masu rarraba shi, kuma lambarsa tana kewayen 91 ɗin nan da littafinka ya nema. Idan littafin ya ce fetur marar dalma, wannan ma ba abin damuwa ba ne yanzu. A da ana zuba sinadarin dalma a fetur don ɗaga lambar okten, har aka tabbatar da illarsa ga ƙwaƙwalwar yara, illar da mutanen Anka da Bukkuyum suka gani da idonsu a 2010 ta hanyar haƙar zinariya. Ƙasashen Afirka kudu da Sahara sun daina sayar da fetur mai dalma zuwa farkon 2006, Aljeriya kuma ita ce ƙasa ta ƙarshe a duniya da ta daina, a 2021.

Saboda haka zaɓin da ke gabanka a Jega shi ne inda za ka sayi man, tun da lambar ba a hannunka take ba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023, 'yan kabu-kabu da yawa sun koma sayen rabin lita ko lita guda a wajen 'yan bumburutu, wasu don kuɗin hannu bai kai ba, wasu don gidan mai ya yi nisa da ƙauyen da suke aiki. Ba na zargin masu wannan sana'a gaba ɗaya, akwai masu amana da yawa a cikinsu, kuma suna fitar da mutane kunya a inda babu famfo. Amma fetur da ya wuni a kwalba ko galan cikin rana yana rasa sassansa masu saurin tashi, waɗanda suke taimaka wa inji ya tashi da safe, wasunsu kuma suna cikin masu riƙe lambar okten. Mafi muni shi ne jarkar da aka taɓa zuba wa kananzir ko dizal, ko man da aka gauraya da gangan, domin lambar okten ta kananzir da dizal ƙasa take ƙwarai, kuma kaɗan daga cikinsu ya isa ya ja fetur mai kyau ƙasa da abin da injinka zai iya ɗauka. Man famfo ma yakan zo da matsala, kamar yadda aka gani a watan Fabrairu na 2022 lokacin da aka shigo da fetur mai sinadarin metanol fiye da kima, amma gidan mai da ke da ciniki, wanda mansa ba ya kwana da yawa a rijiya, ya fi zama abin dogaro.

Sai dai a ganina, ko da manka lafiya lau yake, bayanin da ka yi ya isa ya haifar da ƙwanƙwasa. Buƙatar inji ga okten tana hawa tana sauka gwargwadon halin da yake ciki. Injinka iska ce ke sanyaya shi, kuma daga Maris zuwa Mayu zafin rana a Kebbi yakan haura digiri 40, ga buhunan albasa a baya, ga tafiya a hankali wadda ba ta kawo iska sosai. Idan a wannan hali kana cikin babbar giya, inji yana juyawa a hankali, sannan ka buɗe totur gaba ɗaya, ka haɗa masa duk sharuɗɗan ƙwanƙwasa a lokaci guda. Sauko da giya ɗaya, ka bar inji ya juya da sauri cikin sauƙi. Mutane da yawa suna ganin zama a babbar giya tattalin mai ne, alhali da kaya masu nauyi wahalar da inji ne kawai.

Akwai kuma wata al'ada da ta yaɗu tun da mai ya yi tsada, wadda nake roƙon 'yan'uwa su yi hattara da ita: a kai babur wajen bakanike a ce ya shaƙe kafireta don ya rage shan mai. Wani yakan sauya jet, wato ƙaramar kafar da mai ke fitowa ta cikinta a kafireta, ya sa ƙarami, wani ya sauke allurar da ke daidaita yawan man. Man da ke shiga silinda yana taimakawa wajen sanyaya ta, don haka idan iska ta yi yawa mai ya yi kaɗan, zafin ciki yakan tashi, ƙwanƙwasa ta samu wuri. Abin da aka tara na kuɗin mai a watanni yakan tafi a rana ɗaya wajen sayen fistin da ringi. Irin wannan yana faruwa idan robar da ke tsakanin kafireta da inji ta tsage tana shan iska, ko an cire abin tace iska an bar wurin haka. Sauran dalilan sun haɗa da baƙin gawayi da ke taruwa a kan fistin, wanda ke ƙara matsi yana kuma riƙe zafi, da fulogin da lambarsa ba ta dace da injin ba, da laka da ta toshe haƙarƙarin silinda, wato layukan ƙarfen jikinta da iska ke bi tana sanyaya ta, bayan damina, da baƙin mai da ya daɗe ba a juye ba, da akwatin wuta na kasuwa da ke ba da wuta da wuri fiye da na asali.

Ga yadda za ka gane inda matsalar take. Ka bari tankin ya kusa ƙarewa, ka cika shi a gidan mai da ka amince da shi, sannan ka bi hanyar Aliero da irin kayan da ka saba, a irin lokacin da ka saba. Idan ƙarar ba ta dawo ba, man da kake saye a baya ne. Idan ta dawo, ka sassauta totur ko ka sauko da giya ka saurara: ƙwanƙwasar da muke magana a kai takan ɗauke nan take. Ƙarar da ake ji ko babur yana tsaye, ko da sanyin safiya, tana bin juyawar inji ba tare da la'akari da kaya ba, wannan ta fi kama da bawul da ke neman saiti ko sarƙar cikin inji da ta saki, kuma babu ruwan fetur da ita. Bayan haka ka kwance fulogi ka duba bakinsa. Ruwan ƙasa mai haske alama ce ta lafiya, baƙi mai toka yana nuna mai ya yi yawa, fari fat kuwa yana nuna zafi da ƙarancin mai. Idan ka ga ɗigo-ɗigon ƙarfe masu ƙyalli a jikinsa, ka ajiye babur ɗin, domin fistin ya fara zagwanyewa.

Game da ruwan kwalbar, yawancinsu abin da suke ƙarawa kaɗan ne, kuma maki da ake rubutawa a jikin wasu yana nufin kashi ɗaya cikin goma na lamba guda, ba cikakkiyar lamba ba. Masu ɗauke da sinadarin manganis ko ƙarfe suna barin jan datti a bakin fulogi har ya daina ba da wuta yadda ya kamata. Ko da ya rage ƙarar, bai gyara kafiretar da aka shaƙe ba, bai kuma kankare gawayin da ke kan fistin ba. Haka nan kada ka bi masu jefa ƙwayar kafur a tanki, tana iya toshe ƙananan hanyoyin kafireta.

Idan gwajin ya nuna ƙwanƙwasa ce kuma man mai kyau ne, ka je wajen bakaniken da ka yarda da shi ka ce ya mayar da jet da allura yadda suka zo daga kamfani, ya duba robar kafireta da abin tace iska, ya sa fulogi mai lambar da ke cikin littafinka, ya wanke haƙarƙarin silinda, ya juye baƙin mai. In duk an yi wannan ƙarar ba ta tafi ba, sai a buɗe kan silinda a kankare gawayin, a kuma duba fistin da ringi tun da an riga an buɗe. Kafin nan, ka rage buhu ɗaya daga lodin tsakar rana, ko ka mayar da jigilar albasar zuwa safiya.