Amsa: haɗa jan ƙarfe da ƙarfe mara tsatsa a na'urar CERN

Ɗan'uwa, ka ce kai mai walda ne a Sakkwato, kana tambaya ko walda irin ta injin lantarki za ta haɗa jan ƙarfe da ƙarfe mara tsatsa, kamar yadda ake buƙata a na'urorin hanzarta ƙwayoyin zarra irin na CERN, cibiyar binciken kimiyya ta Turai da ke kusa da Geneva. Gaskiya ba za ta yi ba.

Jan ƙarfe yana narkewa a digiri 1085, shi kuwa mara tsatsa sai wajen 1400. Ga shi jan ƙarfe yana kwashe zafi da sauri, kafin ya narke ɗayan ya ƙone, mahaɗar ta tsattsage. A waɗannan na'urori kuwa, ƙofa ko ta kai bakin allura ƙanƙanta, iska ta shiga bututun da ƙwayoyin ke bi, wanda aka zuƙe iskarsa, aiki ya ɓaci.

Abin da suke yi ya fi kama da liƙin maƙeran azurfa. Ana shafa wa mara tsatsan nikel, a saka siririn gami na azurfa kashi 72 da jan ƙarfe kashi 28 a tsakani, a tura cikin tanderun da aka zuƙe iskarsa. A digiri 780 gamin kaɗai ke narkewa, ya bi mahaɗar ya cike ta tsaf. Daga nan a gwada da iskar hiliyam ko tana yoyo. Alminiyum da mara tsatsa kuma, wani lokaci da ƙarfin fashewar nakiya ake manne su.

Kada ka raina mahaɗa ɗaya. A Satumban 2008, liƙi guda da bai yi kyau ba tsakanin maganaɗisu biyu ya tsayar da babbar na'urar CERN, mai zagayen kilomita 27, fiye da shekara. Ni a ganina ka fara koyon liƙin azurfa da wutar gas, ka riƙa goge ƙarafan fes kafin ka sa wuta.