Ƙarancin jini a yara: amsoshin likita

Tambaya: Likita, ɗana watansa goma, nono yake sha da kunun gero, amma tafin hannunsa ya yi fari, ga kasala. Me ke damunsa? (Wata uwa daga Rigasa)

Amsa: Malama, wannan ya yi kama da ƙarancin jini. Jariri yana zuwa duniya da guzurin sinadarin ayon, wanda jiki ke haɗa jini da shi, amma guzurin ba ya wuce kamar wata 6. Daga nan nono kaɗai ba ya isa, kunu tsura kuwa cika ciki ne kawai. Ba ɗanki kaɗai ba ne: binciken lafiya na Najeriya na 2018 ya samu matsalar a jikin yara 68 cikin 100 'yan ƙasa da shekara 5. Ki kai shi asibitin unguwa a auna jininsa, a haɗa da gwajin zazzaɓin cizon sauro, don shi ne babban ɓarawon jinin yaranmu da damina.

A gida kuwa, hanta na fi so. Ɗan yanka kaɗan ya isa, ki dafa ki daka ki cuɗa masa a abinci sau ɗaya a mako. Sauran ranaku a zuba garin busasshen kifi, gyaɗa ko waken suya a kunun, a riƙa ba shi wake da zogale. Sai dai ayon ɗin ganye da wake ba ya shiga jiki da sauƙi kamar na nama, yana son ɗan rakiya: lemun zaƙi, gwaiba ko tumatir.

Tambaya: An ce malta da madara suna ƙara jini, haka ne? (Wani magidanci daga Kawo)

Amsa: A'a, Malam. Sukari ne ya fi yawa a malta, madarar shanu kuma ba ta da ayon na a zo a gani. Kuɗin ka kai wa mahauci.

Tambaya: Jikata 'yar shekara 2 ba ta da aiki sai cin ƙasa. Shayi da burodi ne karin kumallonta. (Wata kaka daga Tudun Wada)

Amsa: Hajiya, sau da yawa cin ƙasa alamar ƙarancin ayon ne, ga shi yana jawo tsutsar ciki, a yi biyu babu. Shayin ma ban yafe masa ba, yana hana hanji tsotsar ayon, a raba ta da shi. A ba ta maganin tsutsa duk bayan wata 6, a kuma auna jininta da jinsinsa, wato a duba ko tana da sikila, kafin a sayo maganin ƙarin jini a kemis, domin mai sikila ba a ba shi ayon sai da izinin likita. In an rubuta mata, za ki ga kashinta ya yi baƙi, kada ki firgita. Ta sha har wata 3 ko da ta murmure, kwalbar kuma a ɗaga ta inda hannun yara ba ya kaiwa, don in yaro ya kwankwaɗe ta guba ce.