Abin da Ya Sa Na Tura Ka Wasan 'Yan Sakandare

Ɗana, jiya ka tambaye ni, ranka a ɓace, me ya sa na tura ka ɗauko rahoton wasan 'yan sakandare alhali manyan ƙungiyoyi kake hange, kuma tun yaushe ma jaridu suka damu da wasan yara. Zauna in ba ka tarihin daga Amurka, inda abin ya fi kafuwa.

Shafin wasanni kansa bai daɗe ba. Joseph Pulitzer ya sayi jaridar New York World a 1883, ya buɗe mata sashen wasanni, sannan William Randolph Hearst ya ware wa wasanni shafukansu a New York Journal a 1895. Dambe da sukuwar dawaki da besbol ne suka cika su. Makarantu sun samu shiga ne bayan an tsara wasanninsu: birnin New York ya kafa gasar makarantun gwamnati a 1903, aka kafa tarayyar hukumomin wasannin sakandare na jihohi a 1920. Da aka samu jadawali da alƙalin wasa da kofi, edita ya samu abin bugawa duk mako.

Ƙananan jaridu ne suka riƙe aikin hannu bibbiyu. A garin da babu babbar ƙungiya, makaranta ita ce ƙungiyar kowa. A 1954 sakandaren Milan, mai ɗalibai 161 kacal, ta doke Muncie Central da maki 32 da 30, ta ɗauki kofin ƙwallon kwando na jihar Indiana. Wakilan yankin su suka bi yaran nan tun ba wanda ya san su.

Ka ga ɗakin labarai na wancan zamani a daren Juma'a, daren ƙwallon ƙafa irin ta Amurka. Waya ba ta hutawa. Kociyoyi na bugowa daga filaye da dama, sabon shiga irinka ya maƙale kan waya a kafaɗa yana buga tafireta, yana cewa a maimaita masa sunan yaro harafi-harafi, madaba'a kuma na jira. A jera sakamakon da ƙananan baƙaƙe a ƙasan shafi. Da safe wata kaka za ta sa almakashi ta yanke wurin da sunan jikanta ya fito, ta adana shi shekara da shekaru. Wannan sunan shi ke sayar da jaridar. Idan ka kuskure harafi ɗaya, ka ɓata wa gida guda abin da wataƙila sau ɗaya za su gani a rayuwa.

'Yan mata kuwa an daɗe ana tauye su. Kafin dokar Title IX ta 1972, wadda ta hana nuna bambancin jinsi a makarantun da ke cin tallafin gwamnatin tarayya, 'yan mata masu wasa a sakandare ba su kai 300,000 ba. Yanzu sun haura miliyan 3, amma shafuka sun yi nawa wajen bin sawunsu.

Daga 1982 jaridar USA Today ta fara jera fitattun makarantu 25 na ƙasa baki ɗaya. A Fabrairun 2002 mujallar Sports Illustrated ta sa ɗan ƙwallon kwando LeBron James a bangonta yana ɗan shekara 17, ɗalibi a Akron. Shi ya iya ɗaukar kayan. Ni dai abin yana damuna, domin da yawa an ɗora musu irinsa sun durƙushe, kuma ba wanda ya koma ya tambayi halin da suke ciki.

Tun 2005 jaridu sama da 2,500 sun rufe a Amurka, akasarinsu masu fitowa mako-mako. A 2023 kamfanin jaridu na Gannett ya gwada sa manhajar kwamfuta ta rubuta rahoton wasannin sakandare, masu karatu suka yi ca, aka dakatar. Ga sakamako daidai, amma babu wanda ya je filin.

Saboda haka gobe ka isa tun ba a fara ba. Ka karɓi jerin sunaye daga kociyoyin biyu, ka tantance kowane suna da lambar rigarsa. Ka riƙa ƙirga maki da kanka a littafinka, kada ka dogara da allo. In yaro ya yi kuskuren da ya jawo aka ci su, ka faɗi abin da ya faru a cikin labarin, amma kada in ga sunansa a kanu. Shekararsa 16.