Amsa: Wane mutum-mutumi ya dace da tsohon kakin soja?

Malam, kakin kakanka da ka ce ya yi yaƙin Bama (Burma) da shi a yaƙin duniya na biyu, kada ka sa wa mutum-mutumin roba irin na masu shago a kasuwar Wunti ta Bauchi. Kafaɗunsu sun cika faɗi, za su ja tsohon ɗinki har ya ɓarke. Fara auna kafaɗa da ƙirjin rigar, ka nemi wanda bai kai ta ba, marar kai ma ya fi sauƙi a gida. Tela ya ciko shi da auduga, ya lulluɓe da farin yadi wankakke. Kada waya ko ƙusa su taɓa tufar, tsatsa tana da wuyar fita. Ka kuma nisanta shi da taga, ranar Bauchi tana cin launi.