Amsa: Metro Exodus ya kai Last Light kuwa?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko wasan bidiyon Metro Exodus na 2019 ya kai Last Light, wasan Metro da ya gabace shi, daɗi. A wurina ya fi shi, amma ban ga laifin masu ƙorafi ba. Waɗanda suka saba da duhun ramukan jirgin ƙasa na Mosko a wasannin baya sun ce fito da Artyom, jarumin wasan, fili, daga kogin Volga zuwa hamadar Kaspiyan, ya rage tsoron. Ya rage kam. Sai dai hirar Anna, matar Artyom, da mahaifinta Miller cikin jirgin ƙasa mai suna Aurora ita ce ƙashin bayan labarin, kada ka yi gaggawar wuce ta. Haushina ɗaya, ana yi wa Artyom magana yana shiru kamar kurma. Kuma ka rage kisa barkatai, don ƙarshen labarin ya dogara da hakan.